Amsar tambayar Alhaji kan ko-gaisha da oya-gaisha

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, na ga tambayarka cewa takardar da suka turo maka daga Japan an rubuta ko-gaisha, kana so ka san ko da babban kamfanin kake ciniki. To, a'a, ba da shi kake ciniki ba.

Kaisha shi ne kamfani, amma in an haɗa shi da wata kalma a gaba sai ya koma gaisha. Oya na nufin mahaifi, ita kuma kalmar ko tana nufin ɗa. Saboda haka oya-gaisha uwar kamfani ce, ko-gaisha ɗanta, har jika akwai, mago-gaisha. Abin da ake dubawa ƙuri'ar masu hannun jari ce: in uwar ta riƙe sama da kashi 50, ɗa ne. Ko kashi 40 zuwa 50 ma yana zama ɗa in ita ke juya hukumar daraktocinsa. In duka ɗari ta riƙe sai a ce kanzen ko-gaisha, kamar yadda Daihatsu ya zama a hannun Toyota a 2016. Daga kashi 20 zuwa 50 kuwa, ba tare da iko ba, kanren-gaisha ne. Kada ka rikita shi da kankei-gaisha, wannan sunan dangin ne gaba ɗaya.

Ga inda mutane ke yin asara, Alhaji, ka saurara da kyau. Ko-gaisha a doka mai zaman kansa ne. In ya ci kuɗinka ya durƙushe, ba ka da hurumin bin uwar bashi sai in ta sa hannu a takardar lamuni, wadda suke kira hosho. Shiten daban ne, shi reshe ne kawai, bashinsa na kamfanin ne kai tsaye.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi hojin bango, lambar kamfani mai alƙaluma 13, ka duba ta a shafin hukumar harajin Japan, kyauta ne. Sunan da ke can ya zama daidai da na asusun bankin da suka ba ka. Takardar rajista ba ta nuna masu hannun jari, don haka in uwar tana kasuwar hannun jari, ka buɗe rahotonta na shekara a EDINET, shafin gwamnatin Japan da kamfanoni ke ajiye rahotanninsu, ka nemi sunan ɗan a jerin kankei-gaisha. In ba ka gan shi ba, ka ce uwar ta tabbatar maka a rubuce.