Wa ya fara tashi da jirgi mai inji, su Wright ko Santos-Dumont?

Malam, ka ce ka ji 'yan Brazil na cewa nasu Santos-Dumont ne ya fara tashi da jirgi mai inji, ba 'yan'uwan nan Wright ba. Su Wright ne, wato Orville da Wilbur. Ranar 17 ga Disamba 1903, kusa da Kitty Hawk a Amurka, Orville ya yi daƙiƙa 12 a sama, tafiyar mita 37 kacal, a ranar kuma Wilbur ya yi daƙiƙa 59. Shi Santos-Dumont sai 1906 ya tashi da jirgi mai fukafukai a birnin Paris, amma a gaban taron jama'a, shi ya sa gardamar ta ƙi mutuwa.

Ni a ganina ba inji ne ya ba su gaba ba, iya sarrafa jirgin ne. Ina haɗa ƙananan jirage na kwali da ɗalibaina, ɗagawa ba wuya, amma iska na ɗan kaɗawa sai ka ga jirgin ya kife ya daki ƙasa da hanci. Su Wright kuwa masu gyaran keke ne, sun san karkata a kan kwana, sai suka ɗaura wa fukafukan waya suna murɗa su. A 1905 Wilbur ya yi minti 39 yana kewaya wani fili kusa da garin Dayton a Amurka.