Ki kwana huɗu a tsibiri kafin ki dawo Jos

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Tudun Wada, Jos. Wata na biyar ke nan ina aikin sa kai a jirgin asibiti na Global Mercy da ke tashar Freetown a Saliyo, zan gama ƙarshen Fabrairu. Abokan aikina Turawa za su je tsibiran Kanari su huta, sun ce in bi su. Na gaji matuƙa, amma Mama tana ƙirga kwanaki, kuma ina jin kunyar a ce na tafi aikin Allah na ɓuge da yawon shaƙatawa. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki. Ki huta kafin ki dawo, kuma ki cire wannan kunyar daga ranki.

Masu karatu da yawa za su ji "jirgin ruwa" su ɗauka iska kike sha. Jirgin nan tsawonsa mita 174, ɗakunan tiyata shida ne a cikinsa, ma'aikata ɗaruruwa suna kwana suna tashi a wuri ɗaya. Wanda aka cire wa maƙoƙo da yaron da aka ɗinke wa tsagaggen leɓe suna hawa ɗaya, gadonki yana wani hawan, a ɗakin da kike rabawa da wasu. Mu da muka yi aikin asibiti a tudu, idan an tashi mukan hau mota mu bar warin magani a baya. Ke wata biyar ba ki tashi daga aiki ba, matakala kawai kike hawa.

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta ci rayuka sama da 11,000 a ƙasar nan, an tura mu taimako wani gari a arewa, muka yi mako bakwai. Ranar da na dawo Jos ban kwanta ba. Masu sannu da zuwa suka cika falo, 'yan zumuntar mata suka zo da waƙa, ni kuwa ina ta ɗora tukunya ina saukewa. Kwana uku na koma bakin aiki. A mako na uku wata uwa ta tambaye ni ko ɗanta zai tashi, sai na kasa buɗe baki, na shige ɗakin ajiye magani ina kuka kamar an yi mini rasuwa. Wata biyu ban yi barcin kirki ba. Fuskokin da na baro a can ne suka biyo ni, don ban ba su ko kwana ɗaya na zauna da su ba. Abin da nake jiye miki ke nan. Jos za ta karɓe ki da ƙauna, amma ƙaunar gida ba ta barin mutum ya rufe ƙofa.

Kanari kam ki bar wa abokanki. Tsibiran mallakin Sifaniya ne, sai da bizar Turai, ga tsadar jirgi da masauki. Ga tsibiran Banana nan kusa da ke, ki je can ki yi kwana huɗu, kuma Saliyo tana cikin ECOWAS kamar mu, ba wata sabuwar takarda da za ki nema. Mota za ki shiga zuwa ƙauyen Kent da ke can ƙarshen gaɓar kudu da Freetown, daga nan kwale-kwale mai inji ya tsallaka da ke cikin kimanin rabin sa'a. Ƙauyuka biyu ne, Dublin da Ricketts, wata gadar duwatsu ta haɗa tsibiransu. Babu mota ko ɗaya a wurin. Daji ne da masunta da ƙarar teku, abincin kuma kifin da aka kamo ranar da shinkafa. Lokacin ma ya yi miki daidai, don Fabrairu rani ne a can, ruwan sama mai ƙarfi sai wajen Yuli da Agusta.

Ki riƙe kuɗin leone a hannu, kada ki dogara da kati. Ki ci gaba da shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ki kwana a gidan sauro, don a jirgi sanyin na'ura ya ɓoye ki. Mu 'yan kan dutse ba mu san teku ba: ki tsallaka da rana, kada ki shiga kwale-kwale sai an ba ki rigar hana nutsewa, idan kuma ba ki iya iyo ba ruwa ya tsaya miki a gwiwa. Ki tafi da mace ɗaya da kika yarda da ita, wadda ta iya shiru.

Za a ce ki leƙa tsibirin Bunce, inda aka tsare bayi kafin a kai su Amurka. Wuri ne da ya kamata kowane ɗan Afirka ya gani, amma ki je tun kina jirgi, a ranar hutunki. Kwana huɗun nan na barci ne da addu'a da tafiya a ƙafa, in kuka ya zo ki bar shi ya zo. Ki dawo Freetown kwana ɗaya kafin tashinki, saboda filin jirgin Lungi yana tsallaken ruwa, shi ma galibi jirgin fito ake shiga.

Mama kuma kada ki ɓoye mata. Ki kira ta da kanki, ba saƙon waya ba, ki ce: "Mama, na gama lafiya, amma jikina ya mutu. Ki ba ni kwana huɗu in yi barci, don in na iso in iya zama da ke mu yi hira." Ki faɗa mata ranar da za ki sauka, ki roƙe ta a ɗaga godiya a majami'a zuwa Lahadi ta biyu. Ki kuma sa rigar sanyi a saman jakarki, don asubahin Jos zai ba ki mamaki bayan wata biyar a bakin teku.