Akwatin da aka ɗaura a kan poton fitilar ƙofar gidanmu

Tambaya: Assalamu alaikum. A unguwar Zariya nake, nan Maradi. Kwanan baya wasu ma'aikata suka ɗaura wani farin akwati a kan poton fitilar ƙofar gidanmu, suka ce na rezo ne, suka yi gaba. Mata a unguwa sai cewa suke yana kawo kansa, har da ɓarin ciki. Yarana a gindinsa suke wasa. In hana su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda aka kafa wa abu a ƙofar gida ba a ce masa uffan ba, dole hankalinsa ya ƙi kwanciya, don haka ban ga laifinki ba.

Ki fara tabbatar da ko mene ne, domin fitilu masu aiki da rana da yawa akwatin batir ne a jikinsu, shi kuwa ba ya watsa komai. In ƙaramar eriya ce ta rezo, abin da take fitarwa dangin igiyar da ke kawo miki labarai a rediyon FM ne. Ba ta da ƙarfin lalata ƙwayoyin jiki irin na hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Illarta da aka tabbatar ita ce ɗumama nama idan ƙarfin ya yi yawa ƙwarai, shi ya sa ICNIRP, hukumar masana ta ƙasa da ƙasa mai nazarin kare mutane daga irin wannan igiya, ta gindaya iyaka a 1998, ta sabunta a 2020, ta kuma ajiye iyakar jama'a ƙasa da matakin cutarwa har sau 50. Ƙarfin kuma da sauri yake zubewa: in tazara ta ninka biyu, sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ga shi eriya gaba take harbawa, ba gindinta ba.

Abin da ba a cika sani ba, salular da ke manne da kunnenki ta fi akwatin nan kai miki igiyar. Idan rezo ya yi rauni, ƙara ƙarfi take yi, kamar mai kiran wanda ke can ƙarshen gona, dole ya ɗaga murya. Eriya na kusa, sai ta sassauta.

Maganar kansa tana da asali. A 2011 IARC, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa wannan igiya a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ne yana kawo kansa amma hujja ba ta cika ba, kuma binciken masu yawan waya a kunne ne ya kai ta ga hakan. Kan eriyoyin unguwa, hukumar ta ce ba a sami gamsasshiyar hujjar suna cutarwa ba. Mai ciki ta ci gaba da zuwa awo, kada zancen nan ya hana ta barci.

Ni abin da ke tayar min da hankali shi ne ɗaurin da wayar kuran. Poton ƙarfe, waya a saɓule, ruwa kwance a gindi, yaro ba takalmi: nan haɗarin yake, ga kuma iskar farkon damina da ke ɗaye kwanon rufi. Ku haɗu ku je wa mai unguwa, ya raka ku ma'aikatar magajin gari. A faɗa muku mai akwatin, da wanda ya ba da izini, da ko akwai kyamara a ciki, a kuma turo mai gyaran kuran ya duba. In ba a saurare ku ba, ku kai kuka ARCEP, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa. Kafin a duba, ki hana yaran taɓa poton, musamman in ƙasa ta jiƙe.