Tambaya da amsa: Yadda ake haɗa talabijin ɗin kicin da sabar gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar kwamfuta a falo wadda na sa wa Jellyfin, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar da ke aika bidiyo da sauti zuwa sauran na'urorin gida, a cikinta muke ajiye karatuttuka, fina-finai da katun na yara. Uwargida tana so a sa mata ƙaramin talabijin a kicin don ta riƙa saurare tana aiki. Matsalar ita ce Wi-Fi ba ya isa can da ƙarfi, kuma ina tsoron hayaƙi da zafi su lalata talabijin ɗin. Wane iri zan saya, kuma yaya zan haɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda sabar tana nan tana aiki, rabin wahalar ka riga ka sha. Abin da zai sa wannan aiki ya yi kyau ko ya ɓaci ba tsadar talabijin ba ce. Abu biyu ne: inda ka rataye shi, da hanyar da fayil zai bi daga falo ya iso kicin. Don haka kada ka fara da zuwa kasuwa. Ɗauki wayarka, ka tsaya a daidai inda kake tunanin rataye talabijin ɗin, ka buɗe Jellyfin, ka kunna fim mafi nauyi da kake da shi na minti goma. Idan ya tsaya ko sau ɗaya, to talabijin ma zai tsaya.

Wurin ratayewa shi ne na farko. Kada ya zama saman gas ko risho, kada kuma ya zama kusa da wurin wanke-wanke. Tururin girki sama yake tashi ɗauke da maiƙo, ya shiga ƙofofin iska na bayan talabijin, ya manne a kan allon lantarkin ciki. Idan ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kan wannan maiƙon, sai ta zama kamar bargo, zafi ya kasa fita. A kicin ɗin da ake suya kullum, wannan ne ke kashe talabijin tun kafin lokacinsa. Ka ba shi tazarar mita ɗaya da rabi ko fiye daga murhu, a bangon da ke gefe ko wanda ke fuskantar mai girki, kuma ka kauce wa hanyar da hayaƙi ke bi zuwa taga. Yawancin talabijin an ƙera su ne don su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, kuma kicin a watan Afrilu yana iya kai wa haka ko ba a kunna wuta ba. Ka bar tazara kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango da kuma saman kabad. In kuwa da itace ko gawayi ake girki a cikin ɗakin, shawarata ka haƙura da talabijin, ka sa ƙaramar lasifika kawai.

Girmansa inci 24 ya isa kicin na gidan talaka da na mai matsakaicin hali. Inci 32 sai idan ɗakin na da faɗi. A bayansa za ka ga ramuka huɗu na ɗaure ƙarfen ratayewa. Tazararsu ita ake kira VESA, kuma a ƙananan talabijin yawanci milimita 75 ce ko 100 ta kowane gefe, da sukuru mai lamba M4. Auna kafin ka sayi ƙarfen. Ka zaɓi ƙarfe mai hannu, wanda ke juyawa hagu da dama kuma yake sunkuyawa ƙasa, saboda mai girki ba ta zauna wuri ɗaya, kuma hoton talabijin mai araha yana dushewa idan an kalle shi daga ƙasa ko daga gefe. Sukurun bayan talabijin kada ya yi tsawo fiye da kima, yana iya taɓa allon ciki. A bangon bulo kuma, ka tabbata ramin ya samu wuri mai ƙarfi, ba filasta kaɗai ba.

Ban ba ka shawarar dogara da manhajar da ke cikin talabijin ɗin ba. Ƙananan talabijin masu kiran kansu "smart" sukan zo da ƙwaƙwalwa kaɗan, kuma da yawa ba za ka samu Jellyfin a shagon manhajojinsu ba. Sayi talabijin mai ƙofar HDMI, sannan ka haɗa masa ƙaramar na'ura mai Android TV ko Google TV, ko kuma Fire TV Stick. Idan talabijin ɗin ya mutu, na'urar tana nan da duk saitinta. Abu ɗaya da mutane ke yawan kuskure a kai: suna ba na'urar wuta daga USB ɗin talabijin. Wannan ƙofar sau da yawa rabin amfiya take bayarwa, na'urar kuma tana son ɗaya ko fiye, shi ya sa take mutuwa ta sake tashi a tsakiyar kallo. Yi amfani da cajar da ta zo da ita, ka sa soket mai baki biyu a sama kusa da talabijin ɗin, nesa da ruwa.

Yanzu ga babbar maganar. Wi-Fi yana tafiya ne a kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon ya fi ratsa bango, amma na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana aiki ne a 2.45 GHz, wato a kan hanyarsa. Duk sanda aka kunna ta, hoto na iya daskarewa. Na biyun ba ruwansa da maikurowef, ga sauri, sai dai bangon bulo biyu sun isa su karya shi, ga firji da tayil da kabad ɗin ƙarfe suna ƙara tare shi. Maganin da ba ya ba da kunya shi ne kebul. Ka ja Cat6 daga rauta zuwa kicin. Yana kai mita 100 ba tare da asarar sauri ba. Ka bi da shi ta silin ko cikin robar ɓoye waya, kada ka haɗa shi bututu ɗaya da wayar wuta, kuma ka nemi na jan ƙarfe zalla, don akwai na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, yana saurin karyewa a wurin matse kai. Google TV Streamer yana da ƙofar kebul a jikinsa. Fire TV Stick ba shi da ita, sai ka sayi ɗan mahaɗinsa daban. Megabit 100 yake bayarwa, wanda ya ninka abin da kake buƙata, tunda fim mai 1080p da aka matse yawanci bai wuce megabit 5 zuwa 10 a daƙiƙa ba.

Idan kana da tsohuwar rauta a ajiye, sa ta a ƙarshen kebul ɗin, kusa da ƙofar kicin, ta zama mai raba Wi-Fi ta biyu. Ka kashe mata DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, ka sa kebul ɗin a ƙofar LAN, ba WAN ba. In ka sa a WAN, ta ƙirƙiri nata gidan daban, talabijin ya daina gano sabar da kansa. Haka ma idan ka haɗa shi da Wi-Fi na baƙi, don an yi shi ne musamman ya hana na'urori ganin juna. Na'urorin da ke tura intanet ta wayar wutar gida kuwa, ban cika son su ba a gidan da ake sauyawa tsakanin wutar gari, janareta da inbata.

A ɓangaren sabar, shiga saitin rauta ka ɗaure wa kwamfutar adireshi ɗaya da ba ya canzawa, misali 192.168.1.50. Idan ba ka yi haka ba, ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita rauta na iya ba ta wani adireshin, Uwargida ta kunna ta ga an ce ba a samu sabar ba. A manhajar talabijin ka rubuta http://192.168.1.50:8096, don 8096 ita ce ƙofar Jellyfin. In Windows ce, ka hana ta yin barci, ka kuma tabbata katangar tsaronta ta buɗe wannan ƙofar. A BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, akwai saitin da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, kunna shi. Sannan ka buɗe wa kicin asusu nasa, ka zaɓa masa rumbunan da zai gani, ka cire masa ikon goge fayil. Da Quick Connect, hanyar shiga Jellyfin da 'yar gajeriyar lamba, za ka shigar da shi ba tare da wahalar rubuta kalmar sirri da rimot ba. Alherin Jellyfin a nan shi ne duk wannan yana gudana cikin gida, ko data ta ƙare. Plex kuwa, wanda shi ma irin Jellyfin ne, yana neman intanet wajen shiga asusu, sai an yi masa saiti na musamman.

Idan komai ya haɗu amma fim na tsayawa, kada ka yi saurin ɗora wa Wi-Fi laifi. Buɗe shafin kula da sabar yayin da fim ɗin ke tafiya. Idan ka ga Direct Play, fayil ɗin na tafiya yadda yake, kwamfutar ba ta wani aiki. Idan ka ga Transcoding, to na'urar kicin ta kasa karanta fayil ɗin, kwamfutar ce ke juya shi nan take, kuma tsohuwar kwamfuta ba ta jure wannan. Abubuwa uku ne suka fi jawo shi: hoto mai H.265 a na'urar da ba ta san shi ba, sauti irin DTS, da rubutun fassara na hoto irin PGS, wanda wani lokaci sai an ƙona shi a jikin fim ɗin. Fayil ɗin da kusan kowace na'ura ke karɓa shi ne H.264 da sautin AAC, rubutun fassara kuma SRT. Da HandBrake, manhajar juya bidiyo wadda kyauta ce, za ka iya juya masu taurin kan cikin dare, ka zaɓi Fast 720p30. Ba ka yi asarar komai ba, domin yawancin talabijin inci 24 iyakar ingancin hotonsu 720p ne. Fayil mai 4K da HDR kuwa kada ma ka nuna wa asusun kicin. Ko ya kunnu, launinsa a koɗe zai fito.

Sauti fa? Ga ƙarar injin markaɗe, ga famfo, ga mai na tafasa, lasifikar ƙaramin talabijin ba ta iya yin gasa da su. Fim mai sautin 5.1 ya fi muni, don muryar masu magana takan nutse idan aka matse ta zuwa lasifika biyu. A saitin manhajar ka zaɓi sitiriyo. In bai isa ba, ƙara ƙaramar lasifika mai waya. Ta Bluetooth tana jinkirta murya, kuma ita ma a 2.4 GHz take.

Rimot ɗin ka naɗe shi da leda mai laushi, ana canzawa idan ta yi maiƙo, ka kuma kunna HDMI-CEC don rimot ɗaya ya riƙa kunna na'urar da talabijin tare. Duk wata a cire soket, a goge fuskar da tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa, ba kananzir ba, ba ruwan goge gilashi ba, a kuma kaɗe ƙofofin iskan baya da busasshen burushi.