Hukuncin ɓoye dalilin sayar da gida ga mai saye

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da gida a nan Damagaram da nake son sayarwa. Bashi ne ya yi mini katutu bayan kasuwata ta karye, sai dai akwai wani abu kuma: duk damina ruwa yana kwanciya a tsakar gidan, har katangar baya ta tsage, na sa aka yaɓe ta bayan kaka. Duk wanda ya zo gani sai ya tambaye ni me ya sa zan rabu da shi. Dillali ya ce in riƙa cewa Yamai zan koma, in kuma gindaya sharaɗin cewa wanda ya gani ya saya babu komowa. Shin dole ne in faɗi dalilina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yaye maka wannan ƙunci, ɗan'uwa, ya biya maka bashinka ta hanyar halal. Da zuciyarka ta kwanta da shawarar dillali da ba ka aiko ba, saboda haka kada ka danne wannan damuwa da kake ji.

Dalilai biyu ka haɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Bashi sirrinka ne, mai saye ba shi da hakkin saninsa, kuma kana da uzurin rufe shi, domin da zarar an ji mutum yana cikin matsi sai a taya kayansa da rabin kuɗi. Ya wadatar ka ce wata bukata ce ta taso, ka yi shiru. Batun komawa Yamai kuwa ƙarya ce, haramcinta ba ya bukatar dogon bayani.

Inda hukuncin ya juya shi ne yaɓen da ka ambata a tsakiyar maganarka. Ka rufe tsagar, sannan ka fitar da gidan kasuwa da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, babu alamar da za ta nuna wa mutum inda ruwa yake tsayawa a watan Agusta. Wannan aibi ne ɓoyayye da kai ka sani shi bai sani ba, kuma yana rage darajar gida, don haka bayyana shi wajibi ne ko da ba a tambaye ka ba. Idan aka tambaya ka ce bashi ne kawai, da niyyar a kawar da kai daga katangar, to ka yi amfani da gaskiya ka lulluɓe algus. Kada kuma ka raina ruwa: duk mutumin garin nan ya ga yadda daminar 2024 ta rushe tsohon masallacin Birni, balle katangar da ta riga ta tsage, wadda wataƙila 'ya'yan wani za su kwana a gindinta.

Sharaɗin "ka gani ka saya" shi ne abin da malaman fikihu suke kira sayarwa bisa bara'a, wato mai kaya ya kuɓutar da kansa daga duk aibin da zai bayyana daga baya. Na san wasu suna kafa hujja da cewa Hanafiyya, mabiya mazhabar Imam Abu Hanifa, sun inganta shi a dunƙule, suna cewa mai saye ya yafe hakkinsa da bakinsa. Wannan ba zai yi maka amfani ba. Ana yafe abin da aka sani ne, kuma mutumin da aka nuna wa katanga mai sabon yaɓe ya yarda ne da gidan da yake zato, ba da wanda kake sayar masa ba. Su kansu Hanafiyya maganarsu a kan ƙulluwar ciniki ne a gaban alƙali, ba su halatta wa kowa ɓoye aibin da ya sani ba. A mazhabar Imam Malik, wadda ake bi a ƙasarmu, mashahurin zance shi ne bara'a ba ta aiki a gida ko tufa ko dabba, kuma ko a inda aka karɓe ta, sai a aibin da mai sayarwa bai sani ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 bisa wannan sharaɗi, mai saye ya ga ciwo a jikinsa, aka kai ƙara gaban Sayyidina Usman, sai ya hukunta cewa Ibn Umar ya rantse bai san da ciwon ba. Ibn Umar bai yi rantsuwar ba, ya karɓi bawansa, daga baya bawan ya warke, ya sayar da shi dirhami 1500. Ka lura cewa halifa bai tsaya a kan sharaɗin ba, sanin mai sayarwa ya bincika, kai kuwa ka riga ka faɗa mini cewa ka sani.

Ko a duniya ɓoyewar ba ta tsira da kai. Malamanmu sun ce idan aibin gida matsakaici ne, kamar tsagar da ba a tsoron ta kayar da gini, mai saye yana karɓar abin da ta rage na kuɗi, idan kuwa babba ne yana mayar da gidan. A lokacin ka riga ka raba kuɗin ga masu bin ka, ka ƙara bashi a kan bashi.

Ka kama hannun mai saye ka kai shi bayan gidan, ka nuna masa tsagar da inda ruwa yake kaiwa, ka bar shi ya zo da magini ya kimanta gyaran, sannan a rubuta aibin a takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu biyu. Ka gargaɗi dillalin, domin la'adarsa yake hange, kuma abin da ya faɗa da yawunka yana wuyanka.

Kafin ka sa hannu, ka zauna da masu bin ka bashi ka nemi jinkiri ko rangwame, domin Allah ya umarci a saurara wa wanda yake cikin ƙunci. Ka kuma shawarci iyalinka, ka san inda za ka ajiye su kafin ruwa ya sauka, kada kuma matsi ya kai ka ga rance mai ruwa. Allah ne mafi sani.