Yaran shagona na fama da ciwon baya, kuma ba sa buɗe baki a gabana

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a unguwar Bukoki a nan Yamai, kekuna shida, yara takwas. Tun ɗinkin ƙaramar Sallah biyu daga cikinsu ke fama da ciwon baya da wuya, ban kuma ji daga bakinsu ba sai da mahaifiyar ɗaya ta zo ta faɗa mini. Na ji an ce a Japan ma'aikata ne ke ba masu kamfani shawara. Nawa kuwa in na tambaye su sai su sunkuyar da kai su ce lafiya lau. Kujeru zan sake ko yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka ɗauki ciwon yaran nan da muhimmanci, don iyayengida da yawa lalaci suke kiransa.

Ciwon bayan tela ba yau ya fara ba. Tun a 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta yadda teloli da masu ɗinkin takalma ke rankwafewa saboda wuni a zaune a duƙe. Maganin farko shi ne awo, kai kuwa awo sana'arka ce. Zaunar da yaro a kan kekensa, ya saki kafaɗu, ya lanƙwasa hannu. Saman teburin keken ya kamata ya zo daidai gwiwar hannunsa. In teburin ya fi haka tsawo zai wuni da kafaɗu a ɗage, nan ciwon wuya ke fitowa. In ya gaza, duƙawa zai yi, baya ya ɗauki nauyin. Ƙafa kuma ta kai feda ba tare da ya zame zuwa bakin kujera ba. Ka ga ke nan benci ɗaya ba zai yi wa dogo da gajere ba, kamar yadda ba ka yanka musu riga da awo ɗaya. Ba sai ka sayi kujerun waje masu tsada ba. Kafinta a kasuwar Katako zai yi wa kowane yaro kujerarsa, mai majingina, ku kuma ku ɗinka ƙananan matasai da ƙyallen da kuke sharewa, a sa a ƙugu.

Abin da aka fi mantawa shi ne haske. Wuya ido yake bi: in yaro bai ga allura sosai ba, kansa zai kai wajenta, ko da kujerar ta yi daidai. Ƙaramar fitila mai caji a kan kowane keke, tana haska wurin allura, ta fi babban ƙwai ɗaya a rufin shago, kuma tana aiki in wuta ta ɗauke. Yanka a ƙasa kan tabarma ma a bar shi, a samu tebur da ya ɗan gaza gwiwar hannun mai yanka in yana tsaye. Kada kowa ya wuce kamar rabin awa bai miƙe ba, kuma a riƙa juya su tsakanin ɗinki, yanka da guga. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, randa ta kasance kusa.

Sai zancen Japan. Gaskiya ne, kamfanin Toyota ya buɗe tsarin karɓar shawarar ma'aikata tun 1951, kuma a masana'antunsa an rataya igiya da ƙaramin ma'aikaci zai ja in ya ga kuskure, shugabansa ya zo, har layin haɗa motoci ya tsaya in ba a gyara ba. Sai dai a lura, Japanawa ma mutane ne masu girmama na gaba ƙwarai. Ba kunya suka cire wa ma'aikatansu ba, hanya suka buɗe wadda magana ta cikinta ba ta zama raini. Wannan nake so ka ɗauka daga gare su.

Yaron da ya ce maka lafiya lau ba ƙarya ya yi ba, tarbiyyar gidansu ya nuna. Saboda haka ka sauya tambayar. Maimakon me ke damunka, ka ce da shi: me ke cinye maka lokaci a ɗinkin nan? Wannan zai iya amsawa, domin aikin ake zargi, ba maigida ba. A nan za ka ji cewa almakashi ɗaya ake jira, ko zare na can bayan shago, ko wancan keken na tsinke zare. Ka kuma yi amfani da babban yaronka. Abin da ba za su faɗa a gabanka ba, suna faɗa masa a fada wajen shayi. Ya kawo maka ba tare da ambaton suna ba. Kai kuma shawarar farko da ta zo, kome ƙanƙantarta, ka aikata ta cikin makon, ka yaba a gaban kowa. In ta farko ta mutu a hannunka, ta biyu ba za ta zo ba.

Ina kuma ba da shawarar ka bar musu yammacin rana ɗaya a mako, bayan lokacin Sallah ya wuce, su ɗinka abin da ransu ke so da ragowar shadda da atamfa. Su ne ke ganin sababbin yayi a waya, kuma wanda salonsa ya samu mai saye, a ba shi rabonsa.

Su kuwa biyun nan, ka tambaye su a keɓe. In ciwon na sauka zuwa ƙafa, ko yatsu na mutuwa, ko hannu ya rage ƙarfi, ko ciwon na hana barci, gyaran kujera bai isa ba. Ka kai su likita a duba su, kada a tsaya ga ƙwayoyin da ake talla a bakin titi.