Yaya, ga dalilin da ya sa 'yarka ba ta tafi makarantar haziƙai ba

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da sauran mutanen gida. Saƙon muryarka ya iso, na kuma saurare shi har wurin da ka ce da Baba na da rai ba zai bar ni in yi wannan ɗanyen aiki ba. Ban ji haushi ba. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da alli a hannu, ya ga yadda iyaye ke safa da marwa don a ɗauki 'ya'yansu a Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa, dole ya ga kamar taɓuwa ce a ce yarinya ta ci jarrabawar makarantar haziƙai a birnin Niyok na Amurka, uban kuma ya bar ta a ta kusa da gida. Bayanin ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na rubuto.

Sakandare a nan shekara huɗu ce, daga aji tara zuwa sha biyu. Birnin na da na gwamnati sama da 400, a cikinsu akwai tara da aka ware daban. Ɗaya ta masu kiɗa da zane da wasan kwaikwayo ce, can gwaji ake yi. Sauran takwas ɗin jarrabawa guda ce ke shigar da yaro, SHSAT, wadda ake zaunawa a farkon aji takwas: awa uku, lissafi da Turanci. Ba ruwansu da sakamakon aji, ba ruwansu da wasiƙar kowa, balle "ɗan wane ne". Majalisar jiha ce ta ɗaure tsarin da doka tun 1971, shi ya sa da magajin gari Bill de Blasio ya nemi soke jarrabawar a 2018 abin ya gagare shi. Duk shekara yara wajen 26,000 ke zaunawa, kimanin 4,000 ke samun gurbi, kuma ko sisi ba a biya. Ɗaya daga cikin waɗanda ke nan yankinmu na Bronx, wato Bronx Science, an buɗe ta a 1938, mutum tara cikin tsofaffin ɗalibanta sun karɓi kyautar Nobel. Ka ga kuwa ba zan ce maka makarantun wasa ba ne.

Baƙar fata ba su cika shiga ba. A 2019, cikin yara 895 da Stuyvesant, ɗaya daga cikin takwas ɗin, ta kira, bakwai ne kacal baƙaƙe. Saboda haka in ɗan ɗayanmu ya ci, kafin a idar da sallar Juma'a labari ya zaga masallaci. Da sakamako ya fito a watan Maris, Mai-sunan-Inna ta samu gurbi biyu: ɗaya a makarantar jarrabawar da ke can Brooklyn, ɗaya a wata sakandare ta gama-gari da ke kusa da mu. Aka ce mu zaɓa.

Inda lissafinka da nawa suka rabu shi ne jami'a. A gida, JAMB ba ta tambayar yaro makarantar da ya fito. Wanda ya ci 280 cikin 400 ya ci 280, ko daga Barewa yake ko daga sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙauye, sai dai batun kason jiha da ka fi ni sani. Don haka amfanin makaranta mai kyau a fili yake: ta dafa yaro ya ci maki. A Amurka babu JAMB. Kowace jami'a ita ke zaɓen ɗalibanta, kuma fayil guda take buɗewa. A ciki akwai makin yaro na duk shekarun sakandare, da irin darussan da ya zaɓa, masu sauƙi ne ko masu tsauri irin na matakin jami'a da ake kira AP. Akwai wasiƙun malamai, da wasiƙar malamar shawara, da rubutun da yaron ya yi a kan rayuwarsa, da abin da yake yi bayan an tashi. Akwai jarrabawar SAT mai maki 1600, wadda wasu jami'o'in ke tilastawa, wasu su bar wa yaro zaɓi.

Sai kuma wata takarda da iyaye da yawa ba su ma san da ita ba. Makarantar ce da kanta ke tura bayaninta: ga darussan da muke da su, ga yadda makin ɗalibanmu ya kasu. Da ita ake auna yaro. Abin da mai karanta fayil ke son sani shi ne, cikin abin da aka shimfiɗa wa yaron nan, nawa ya ɗiba, kuma ina ya tsaya a cikin 'yan ajinsa? A manyan jami'o'i ma'aikaci ɗaya ke riƙe da yanki guda, ka ga fayilolin 'yan makaranta ɗaya sukan haɗu a teburinsa. Yarinyar da ta tsaya a tsakiyar aji a makarantar haziƙai, fayil ɗinta na kwance kusa da na ɗaruruwan 'yan ajinta masu neman wuri ɗaya, wasu sun ci gasar lissafi ta ƙasa, wasu sun yi bincike a ɗakin gwajin jami'a. Ita ɗin dai, da ƙwaƙwalwarta ba ragi ba ƙari, in tana cikin biyar na sama a sakandaren unguwa, malamai sun san sunanta, wasiƙar da za su rubuta mata ba ta "ɗaliba ce mai ƙoƙari" ba ce kawai.

A wasu jihohin ma doka ce ƙarara. Texas tun 1997 ta ce duk wanda ya fita cikin kashi goma na saman ajinsa, ko wace irin makaranta ce, yana da gurbi a jami'o'in jihar, ko da yake babbar ta Austin ta matse nata ƙasa da haka saboda cunkoso. Har aka samu iyalai na kai 'ya'yansu makarantar da gasa ba ta yi zafi ba da gangan.

Na san kai sai da hujja. A 2014 wasu masana tattalin arziki uku, cikinsu har da Joshua Angrist da ya karɓi Nobel a 2021, sun fitar da bincike a kan irin waɗannan makarantu na Niyok da Boston. Dabararsu za ta burge ka: sun ɗauki yaran da suka haye layin yanka da ƙyar, suka kwatanta su da waɗanda suka faɗi da ƙyar, tunda a ƙwazo kusan ɗaya suke, sa'a ce ta raba su. Da aka bi su, sai aka ga makinsu na jarrabawar gaba bai bambanta da wani abin a zo a gani ba. Wani binciken na shekarar ya duba shiga jami'a da gamawa a Niyok, shi ma haka ya tarar. Ashe yawancin ƙyallin makarantun na yaran ne, da shi suka shigo. Kuma 'yarka, in faɗa maka gaskiya, da ƙyar ta haye, ba da rata ba. Binciken kamar a kanta aka yi.

Amma ba takarda ce ta yanke mana hukunci ba, hanya ce. Daga gidanmu zuwa can Brooklyn ya fi awa guda a jirgin ƙasa, da canjin jirgi a tsakiya, haka kuma dawowa. Ba makarantar kwana ba ce da za ka kai yaro da akwati ka dawo. A Disamba rana kan faɗi tun ƙarfe huɗu da rabi. Ka ƙiyasta yarinya 'yar sha huɗu, da hijabinta da jaka mai nauyi, ta fita kafin gari ya waye, ta dawo bayan magariba, azahar da la'asar duk sun same ta a waje, sannan ta zauna aikin gida har dare ya raba. Uwarta aikin jinyar tsofaffi take a gidajensu, wani lokacin can take kwana. Ni ina bisa titi da mota. Wa zai lura ran da ta fara ramewa?

Kada ka ɗauka mun rufe ido muka jefa ta a ta kusan. Sakandaren gama-gari a nan sun bambanta sosai, akwai waɗanda ba su da malamin fiziks, akwai waɗanda lissafinsu ke tsayawa kafin a kai kalkulas. Yaro zai yi ta zuwa na ɗaya a irinsu, ya shiga jami'a da niyyar likita, zangon farko kemistiri ya kayar da shi. Mun ga haka a cikin 'ya'yanmu, ba sau ɗaya ba. Don haka daren da makarantar ta buɗe wa iyaye ƙofa muka je da tambayoyinmu a rubuce. Na ce a ba ni jerin darussan AP da ake koyarwa a bana, ba waɗanda ke cikin ƙasidar talla ba. Na tambayi inda 'yan bara suka tafi, malamar shawara ta jawo takarda daga durowa ta karanto mini sunayen jami'o'in ɗaya bayan ɗaya. Na tabbatar suna cikin shirin College Now, wanda ke ba ɗan sakandare damar ɗaukar darasin jami'ar birnin kyauta. Uwarta kuwa tambaya ɗaya ta yi: ina yara ke sallah? Wani malami ya kai mu bayan kantocin ɗakin karatu, ga dardumai biyu a naɗe, ya ce 'yan Gambiya da 'yan Yaman ne suka fara. A nan na ga fuskarta ta saki.

Ka tambaya ko haka duk Hausawan nan ke yi. A'a, kanmu ba a haɗe yake ba. Yawancin masu jin Hausa a Bronx 'yan Zango ne na Ghana, daga unguwar Nima ta Accra da Kumasi, sai 'yan Nijar, mu 'yan Najeriya mu ne 'yan tsiraru. Duk wurin suna ko walima, da an ci an sha sai maganar ta tashi. Wasu sun ga yadda 'yan Bangladesh na unguwar Parkchester da 'yan Sin ke tura yara lesin tun suna aji shida, su ma suna kwashe adashensu su biya, kuma a wurinsu ƙin gurbi kamar mayar da kyautar Allah ne. Wani dattijo ya faɗa mini haka a gaban jama'a, na ce na gode Alhaji. Wasu ba ruwansu da duka biyun, makarantar Musulunci ta kuɗi suke kai nasu. Wasu kuma da yaro ya fara kallon uba ido cikin ido sai a saya masa tikiti, Kumasi ko Yamai ko Kano, ya je ya yi 'yan shekaru ya san kansa. Abin da ya haɗa mu duka bai wuce karatun Asabar da Lahadi a masallaci ba, da jin daɗin cewa tun 2015 birnin ya sa ranakun sallah biyu cikin hutun makarantun gwamnati.

Sai kuɗi, wanda a wurin mai tuƙin haya shi ne rabin maganar. Manyan jami'o'i masu zaman kansu sun haura dala 80,000 a shekara in an haɗa da ɗaki da abinci. Amma su ne kuma suka fi sakin hannu: Harvard daga 2025 ta ce iyalin da ba ya samun fiye da dala 100,000 ba zai biya komai ba. Matsalar, wajen huɗu cikin ɗari na masu nema kawai take ɗauka, don haka mai hankali ba ya gina gida a kanta. Jami'ar birnin, CUNY, dala 6,930 ce a shekara ga ɗan jiha, tallafin gwamnati na iya shafe ta gaba ɗaya ga irinmu, kuma tana da sashen haziƙai, Macaulay, da ba a biyan kuɗin karatu. Burina yarinyar nan ta fito da digiri ba bashi a wuyanta, balle bashi mai ruwa. Maki mai kyau da wasiƙa mai ƙarfi su ke jawo tallafi.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 jami'o'i ba sa sa launin fata a ma'auni, amma yaro na da damar ba da labarin rayuwarsa a rubutunsa. To labarin me za ta bayar in rayuwar duk a jirgi ta ƙare? Yanzu ita ke biya wa ƙanana karatu a masallaci, ita ke raka maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi asibiti tana yi mata tafinta. A gida wannan tarbiyya ce kawai, a nan har a fayil ake rubuta shi.

Ƙanenta kuma, ka shirya jin akasin haka. Shi zai zauna jarrabawar, kuma in ya ci zai tafi, ko yana so ko ba ya so. Biyu daga cikin makarantun na nan Bronx, Bronx Science da American Studies da ke harabar Lehman College, su zan sa ya rubuta a sama, ka ga ba maganar doguwar hanya. Halinsu ma ba ɗaya ba. Ita ko a kasuwa ka ajiye ta za ta buɗe littafi. Shi kuwa ɗan bin iska ne, abin da abokai suka yi shi zai yi, kuma ka san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Gara in jefa shi inda ake gasar lissafi, ko da zai zo na ƙarshe-ƙarshe, da in bar shi inda zai zo na ɗaya ba tare da ya yi gumi ba.

Aljabara ce ke ba shi wahala, ni kuma tawa ta daɗe da tsatsa. In za ka iya ba shi awa guda ta WhatsApp duk Asabar bayan ya dawo daga masallaci, da ka taimake ni. Kuna gabanmu da awa biyar, in sanyi ya shigo aka juya agogo ta koma shida, don haka bayan isha'inku zai yi daidai. Zan turo maka samfurin tambayoyin ka gani tukuna.

A gaishe da Hajiya da kyau, a ce mata saƙon kuka da daddawa ya iso lafiya.

Ƙaninka.